Allurar maganin nukiliya: tambayoyin da ma'aikata ke yi kan kare kansu daga radiyeshan

A ɗakin ɗaukar hoton ƙirji ko na karaya, da an kashe na'ura radiyeshan ya ƙare. A sashen likitancin nukiliya ba haka abin yake ba, domin maganin da ake tura wa majinyaci a jijiya shi ne ke fitar da radiyeshan ɗin, kuma ba shi da makunni. Yana fitarwa a cikin kwalba, yana fitarwa a cikin sirinji, yana ci gaba da fitarwa bayan ya shiga jikin mutum. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nas-nas, masu ɗaukar hoto da masu haɗa magani suka fi yi, musamman sababbin shiga. Amsoshin ba su maye gurbin ƙa'idojin sashenku ko umarnin jami'in kariya na asibitinku ba.

Majinyaci ake yi wa allurar. Me zai sami wanda ya yi ta?

Majinyaci sau ɗaya yake karɓa, ko jefi-jefi, kuma yana da ribar da zai samu: a gano ko kansa ta kai ga ƙashi, ko ƙodarsa na tace jini yadda ya kamata. Ma'aikaci kuwa ɗan kaɗan yake kwasa a kowace allura, amma safe da yamma ne, shekara da shekaru, kuma babu wata lafiya da yake ƙaruwa da ita.

Ta hanya uku abin yake zuwa masa. Akwai sirinji da kwalba, waɗanda suka fi dukan yatsu. Akwai majinyacin kansa bayan an yi masa allura, wanda ke haska dukan jikin mai tsayuwa kusa da shi. Akwai kuma ɗigon magani a fata ko a tufa, da shigarsa ciki ta baki, ta hanci ko ta rauni. Kowace hanya da irin kariyarta, kuma abin da ya tare ɗaya ba lallai ya tare sauran ba.

Nawa ne iyakar da aka yarda ma'aikaci ya ɗauka?

Da milisibat ake aunawa, a taƙaice mSv. Ƙa'idar da hukumar ICRP, mai ba duniya shawara kan kariya daga radiyeshan, ta shimfiɗa, wadda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta sa a cikin ma'auninta na 2014, ita ce: ga dukan jiki, 20 mSv a shekara idan an raba a kan shekara 5, ba tare da an wuce 50 mSv a shekara guda ba. Ga fata da hannuwa da ƙafafu, 500 mSv a shekara. Ga ƙwayar ido a da 150 mSv ne, amma a 2011 ICRP ta sauko da shi zuwa 20 mSv a shekara, bayan ta bayyana cewa yanar ido na iya samuwa a ƙasa da abin da ake zato. Don a samu abin kwatance, abin da kowane mutum ke samu daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, a matsakaicin duniya, wajen 2.4 zuwa 3 mSv ne a shekara.

Waɗannan lambobin katanga ce ta ƙarshe, ba kason da aka ware maka ka cinye ba. Sashen da ke aiki da kyau yana tsayawa can nesa da su.

Bajon ƙirjina kullum ƙasa yake nunawa. Ba shi ke nan ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma amsarta a'a ce. Bajon ƙirji abin da ya iso ƙirji yake aunawa. Sirinji kuwa a tsakanin yatsu yake.

Ƙarfin radiyeshan yana faɗuwa da sauri idan aka ja baya: ka ninka tazara sau biyu, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ka ninka sau goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Haka nan yake hauhawa idan aka matso. Ɗauki allurar hoton ƙashi ta teknishiyam-99m, wadda kan kai 740 MBq (MBq ma'aunin ƙarfin maganin ne). A tazarar mita ɗaya, ba tare da wata kariya ba, tana ba da wajen 0.015 mSv a awa. A santimita 10 ta zama 1.5 mSv a awa. A santimita ɗaya, wato kusan inda yatsa yake idan an riƙe jikin sirinjin, lissafin ya kai 150 mSv a awa, ko 2.5 mSv a minti guda. Wanda ya yi irin wannan riƙon na minti ɗaya sau 200 ya cike 500 mSv ɗinsa na shekara, alhali bajon da ke maƙale a aljihun rigarsa bai ga wani abin a zo a gani ba. A sashe mai cinkoso, allura 200 ba ta kai aikin shekara ba. Lissafin na kusan-kusan ne, kuma idan fata ta manne da robar sirinjin abin yana iya fin haka.

Ba hasashe ba ne kawai. Tsakanin 2008 da 2011 an gudanar da wani babban bincike a asibitocin Turai mai suna ORAMED, inda aka liƙa ƙananan ma'aunai a wurare da dama a hannuwan ma'aikata suna cikin aikinsu na yau da kullum. Abin da ya fito shi ne kusan mutum ɗaya cikin biyar na iya zarce iyakar 500 mSv a wurin da ya fi shan radiyeshan a hannunsa. Wannan a asibitocin da ke da kayan aiki ke nan. An kuma ga bambanci mai faɗi tsakanin mutum biyu masu aiki iri ɗaya, kuma abin da ya fi raba su shi ne amfani da kariya da yadda kowa ke riƙe kayan.

To a ina zan sa zoben awo, mai auna abin da yatsu ke ɗauka?

Yawancin mutane hannun dama suke kai shi, tunda da shi suke danna sirinji. Binciken da aka ambata ya nuna akasin haka: wurin da ya fi ɗauka galibi shi ne kan yatsa manuniya na ɗaya hannun, wato hagu ga mai aiki da dama, dama ga bahago. Dalilin a fili yake idan ka kalli hannunka kana aiki. Hannun dannawa yana can baya, bayan kube, wato bututun ƙarfe da ake zura sirinji a ciki don ya tare radiyeshan. Ɗayan shi ne ke tallafe bakin sirinji, yana murɗa allura, yana riƙe kanula, daidai inda kariya ta ƙare.

Shawarar ita ce a sa zoben a gindin manuniyar wannan hannun, fuskarsa na kallon tafi, a ƙarƙashin safar hannu don kada magani ya ɓata shi. Ko a nan ɗin ma ba duka yake gani ba: kan yatsa yana ɗaukar kusan ninki 6 na abin da zoben ya rubuta. Ma'aunin da ake ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo ya fi shi kuskure nesa ba kusa ba, yana iya rage lissafin har kusan ninki 20. Saboda haka wanda zobensa ya nuna 10 mSv a wata kada ya ce ai da sauran nisa. Ya ninka da 6, ya ninka da wata 12, ya ga inda ya tsaya.

Kuben sirinji nauyi ne da shi, yana hana ni ganin jini ya dawo. Ni da sauri nake yi. Ba gara na cire shi ba?

Ƙwararru ne suka fi faɗin wannan, ba sababbin shiga ba, kuma akwai gaskiya a rabin maganar: kuben yana da nauyi, yana sauya yadda sirinji ke zama a hannu, tagarsa ta gilashi ƙarama ce. Amma a yi lissafi. Mai sauri, idan ya ƙure, zai rage lokacinsa da rabi ko kashi biyu cikin uku. Dalma mai kaurin 0.3 milimita kacal ta isa ta rage hasken teknishiyam-99m da rabi, don haka kube mai milimita 2 na ƙarfen tangistin yana sauko da shi ninki goma-goma. Babu saurin hannun da zai kamo wannan. Ba wanda ke ɗaukar garwashi da yatsa don yana taƙama da zafin nama, sai dai shi garwashi yana ƙona ka nan take ka saki, sirinji kuwa sanyi ƙalau za ka ji shi.

Matsalar ganin jini gaskiya ce, amma maganinta ba cire kube ba ne. Maganinta shi ne kada a nemi jijiya da sirinji mai magani a hannu ko kaɗan, kamar yadda za a gani a ƙasa. Nauyin kuma sabo ne. Sabon ma'aikaci ya yi ta gwaji da ruwan gishiri zalla a cikin sirinji mai kube, yana zuƙa, yana murɗawa, yana turawa, har hannunsa ya faɗa, kafin a ba shi magani na gaske. In an ɗiga ɗan launi a ruwan, zai ga inda yake fantsama ba tare da ya sani ba.

A kuma tuna kube bututu ne, buɗe yake gaba da baya. Radiyeshan na fita ta bakin allura da ta wajen sandar dannawa, kuma tagar gilashin ba ta kai jikin ƙarfen tarewa ba. Kada a ɗora yatsa a kan tagar, kada a nuna bakin sirinji wajen jikinka ko na abokin aiki.

Kube ɗaya ya wadatar ga duk magungunan?

Bai wadatar ba. Teknishiyam-99m, wanda da shi ake yin mafi yawan hotunan sashen, haskensa 140 keV ne (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), mai sauƙin tarewa. Fulorin-18 (F-18), wanda ake amfani da shi a wani nau'in hoto da ake kira PET, 511 keV yake fitarwa, kuma sai dalma ta kai milimita 4 zuwa 5 kafin ta rage shi da rabi. A ma'auni ɗaya, abin da F-18 ke bayarwa a tazarar mita ɗaya ya kai kusan ninki 7 na teknishiyam. Shi ya sa ORAMED ya ba da shawarar aƙalla milimita 2 na tangistin ga sirinjin teknishiyam, milimita 5 ga na F-18. Ga kwalba kuma milimita 3 na dalma ga na farko, santimita 3 ga na biyu. Wanda ya zura sirinjin FDG, maganin PET mai ɗauke da F-18, a kuben teknishiyam ya ɗauki nauyi ne kawai.

Masu fitar da ƙwayoyin beta, irin su itiriyam-90, wani sha'ani ne daban. Ba sa tafiya da nisa, amma duk ƙarfinsu a fata suke sauke shi, don haka taɓa sirinjinsu tsirara ko na 'yan daƙiƙu ne babban kuskure ne. Roba mai kauri ta santimita ɗaya tana tsare su, kuben tangistin mai milimita 5 ma yana aiki. Galiyam-68 ya haɗa biyun: ga 511 keV, ga ƙwayoyi masu ƙarfi da suka fi na F-18 ratsa robar sirinji.

Yaya allura mai tsafta take, daga farko zuwa ƙarshe?

Sirinjin yana cikin akwatinsa na dalma, a rufe, a can gefe. Ka zauna da majinyaci hannu wofi. Ka tabbatar da sunansa da irin hoton da aka rubuta masa. In mace ce a shekarun haihuwa, a tambaye ta batun ciki da shayarwa a keɓe, ba a gaban dangin miji ba. Ka yi duk bayanin yanzu: "Baba, bayan allura za ku sha ruwa da yawa, ku riƙa zagayawa, ga ban ɗakin da za ku shiga, sai bayan awa uku za mu kira ku." Ka bar shi ya yi tambayoyinsa har ya gamsu.

Sai ka ɗaure hannu, ka nemi jijiya a natse, ka sa kanula, ka manne ta da filasta. Ka haɗa mahaɗa mai baki uku, ka tura ruwan gishiri ka ga yana tafiya ba kumburi, ba zafi. Ka shimfiɗa takarda mai shan ruwa a ƙarƙashin hannun, ka jawo kwandon allurai mai dalma kusa. Har zuwa nan ko minti goma ka ɗauka, ba ka kwashi komai ba.

Yanzu ne za ka buɗe akwati. Ka ɗago sirinjin ta jikin kube, ka murɗa shi a mahaɗa, ka janye hannun hagu daga wurin da zarar ya zauna. Ka tura magani, ka juya mahaɗa, ka bi shi da ruwan gishiri don ya wanke abin da ya maƙale a bututu. Ka kwance, ka saki sirinjin ya zame daga kube zuwa cikin kwando ba tare da ka taɓa shi ba, ko ka mayar da shi akwati in za a auna ragowar. Wannan ɓangaren daƙiƙu ne. Kanula da auduga da safar hannu duk sharar radiyeshan ne, ba sa shiga kwandon kowa da kowa.

Abin da ya rage yawan abin da hannu ke ɗauka a nan ba wata na'ura ba ce. An raba aiki biyu ne: mai cin lokaci an yi shi babu radiyeshan, mai radiyeshan an mayar da shi gajere.

Idan jijiya ta ƙi samuwa fa, kamar ta yara ko ta waɗanda suka sha maganin kansa?

A nan ne kanula ta fi amfani. Jijiyar da maganin kansa ya ƙone, ko ta mai sikila da aka sha hudawa tun yana ƙarami, ko ta tsohon da ya kwana bai sha ruwa ba, tana iya cin minti goma sha biyar. A kira wanda ya fi iyawa, a ɗumama hannun, yaro kuma a sa masa kanula tun a sashen yara. Allurar da ta zube a ƙarƙashin fata asara ce ta kowane gefe: naman wurin ya sha radiyeshan mai yawa, hoto ya lalace, wataƙila a sake wata allurar, ma'aikaci ya ɗauka karo na biyu. In ana buƙatar mai riƙe yaro, a fi son uwa ko uba a kan ma'aikacin da kullum shi ake kira, muddin uwar ba ta da ciki.

Rigar dalma fa?

Ta dogara da maganin. Riga mai rabin milimita na dalma tana tare fiye da rabin hasken teknishiyam, don haka tana da amfani ga mai tatsar janareta, wato na'urar da ake samo teknishiyam daga cikinta, ko wanda zai daɗe yana gyara wa majinyaci kwanciya. A gaban 511 keV kuwa abin da take tarewa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ga nauyi, ga gumi, ga rage sauri. A sashen PET tazara da katanga ne abin dogaro. Kuma ko wace iri ce, ba ta rufe yatsu.

Safar hannu tana tare radiyeshan?

Ba ta tare hasken gamma, irin wanda teknishiyam da F-18 ke fitarwa, ko kaɗan. Aikinta hana magani taɓa fata, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ɗigo ɗaya da ya kwana a fata yana iya fin abin da aka ɗauka a allurai masu yawa. A sauya ta bayan kowane majinyaci, a tuɓe ta ta ciki-waje, kada a ɗauki waya ko biro ko a kama ƙofa da ita.

Ashe ba ɗakin haɗa magani ne ya fi haɗari ba?

Ga yatsu, sau da yawa shi ne. Kwalbar da aka tatso daga janareta da safe tana ɗauke da kason mutane da yawa a wuri ɗaya. Ba a ɗaukarta da hannu, sai da dogon hantsaki, kuma tana zama a cikin tukunyarta ta dalma. Ana zuƙa ne a bayan shingen dalma mai tagar gilashi. A zaɓi sirinjin da maganin ba zai wuce rabinsa ba, don yatsu su samu tazara. Kumfar iska a mayar da ita cikin kwalba, ba a fesa ta sama ba. Murfin allura kuma kada a riƙe shi da yatsu ana mayarwa, a kafa shi a mariƙi. Lokacin da ake fitar da sirinji daga kube don a auna shi a na'urar awo, nan ma da hantsaki, ko a kama can ƙarshen sandar.

Akwai wani abu da ya shafi sassanmu, ko a asibitin koyarwa na Ibadan ne, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, ko cibiyar da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Janaretan teknishiyam daga ƙasar waje ake kawo shi ta jirgin sama, kuma molibdinam-99 da ke cikinsa yana raguwa da rabi duk awa 66, wato yana zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa kowace rana. Dole a tara majinyata a kwanakin farko bayan isowarsa. Ranakun da layi ya fi tsawo su ne ranakun da kwalba ta fi zafi, kuma su ne ranakun da gajiya ke sa a ce bari a yi wannan ɗaya ba kube. Shugaban sashe ya ƙara hannu a waɗannan kwanakin, ya raba mai haɗawa da mai yin allura. Sai dai karɓa-karɓa rarraba kaya take yi, ba ta rage jimillarsa, don haka ba ta zama madadin kariya.

Bayan allura, majinyacin ya zama abin gudu ke nan?

Bai zama ba, kuma bai kamata ya ga alamar ana ƙyamarsa ba. Amma kaso mai yawa na abin da bajon ƙirji ke rubutawa daga majinyata yake zuwa, musamman a PET, wajen raka su da kwantar da su a kan na'ura. Taku ɗaya baya yana yin aiki sosai: daga rabin mita zuwa mita ɗaya an rage wajen kashi uku cikin huɗu.

Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa, kuma tsoho in ya ji daɗin hannunka zai riƙe shi yana sa maka albarka har da iyayenka. A karɓi addu'ar tun kafin allura, ko a amsa "amin, Baba" daga bakin ƙofa. Wanda aka yi wa FDG zai kwanta shiru na kusan awa ɗaya, kuma hira ma ɓata masa hoto take yi, don haka barinsa shi kaɗai gata ne. Masu jinya su jira a waje, musamman masu ciki da masu goyo. Fitsarinsa na ɗauke da magani, shi ya sa ake ware masa ban ɗaki.

Muna jin labarin na'urar da ke yin allurar da kanta. Sai da ita za a tsira?

A sashen PET mai yawan majinyata tana da amfani ƙwarai: ita ke auna kason daga babbar kwalba a cikin akwati mai kauri, ta tura ta bututu, ma'aikaci na tsaye a gefe. Tana da tsada, bututunta na zubarwa ne, kuma tana son mai gyara a kusa. Ga sashen da teknishiyam ne yawancin aikinsa, kube masu girma daban-daban, hantsaki, akwatin ɗauka, kanula da zoben awo sun fi gaggawa, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar nata ba.

Magani ya zube, ko allura ta soke ni. Me zan fara yi?

In zubewa ce, ka tsaya inda kake, ka faɗa da ƙarfi don kada wani ya taka, ka rufe wurin da takarda mai shan ruwa. A goge daga gefe zuwa tsakiya, a auna, a sake. A duba tafin takalma kafin kowa ya fita. Abin da ya ƙi fita a rufe shi a rubuta kwanan wata, lokaci zai cinye shi: teknishiyam-99m na raguwa da rabi duk awa 6, bayan kwana ɗaya saura kashi ɗaya cikin 16, bayan awa 60 kusan ɗaya cikin dubu. F-18 minti 110 ne nasa. Aidin-131 kuwa kwana 8 ne, kuma yana tashi a iska, don haka zubewarsa ta jami'in kariya ce kai tsaye.

In fata ce, ruwa mai ɗumi da sabulu, a hankali. Kada a dirje da soso har fata ta yi ja, hakan hanya yake buɗe wa maganin. In suka ce, a bar jinin ya ɗan fita, a wanke a ƙarƙashin famfo, a auna wurin, a kai rahoto. In allurar ta riga ta shiga jikin majinyaci, batun ciwon hanta da HIV ya fi na radiyeshan gaggawa, a bi ƙa'idar asibiti a ranar. Ɓoye irin wannan don tsoron faɗa shi ne ya fi cutarwa, kuma shugaban da ke tsawa a kan kowane rahoto shi ke koya wa mutanensa ɓoyewa.

Alwala, cin abinci da sutura fa?

Kafin ka fita salla, ka wanke hannu, ka sa su gaban na'urar duba gurɓata, tafi da baya da tsakanin yatsu, sannan ka je ka yi alwala a waje. Alwala na kai hannu baki da hanci da ido, ƙofofin da ake tsoro ke nan. Haka kafin cin abinci, tunda da hannu muke ci. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna goro, ba a shafa man leɓe a wurin aiki, kuma firjin magani ba wurin sanyaya ruwa ba ne ko da zafin Afrilu ya kai inda ya kai.

Hannun riga mai faɗi da hijabi mai saukowa suna sharar teburi ba a sani ba. A cusa su cikin rigar aiki mai dogon hannu, a sa takalmi rufaffe, rigar aikin kuma ta kwana a sashe.

Sista ce mai ciki. Ta bar aikin?

Ba sai ta bari ba, kuma ba dalilin sallama ba ne. Abin da ake so shi ne ta sanar da wuri, ko da al'ada ta sa ana jin nauyin faɗin ƙaramin ciki. Ta faɗa wa jami'in kariya a asirce ya isa. Daga ranar, ana tsara aikinta yadda abin da zai kai ga ɗan tayi ba zai wuce 1 mSv ba har ta haihu. A aikace, akan ɗauke ta daga tatsar janareta, aikin aidin-131, goge zubewa da yawan hulɗa da majinyatan PET. Mai shayarwa damuwarta shigar magani ciki ce, musamman aidin, domin yana fita a nono.

Gaskiya ne aikin na hana haihuwa? Kuma madara na wanke radiyeshan?

Kafin radiyeshan ya taɓa haihuwar namiji ko na ɗan lokaci, sai ya kai wajen 100 mSv a lokaci guda a wurin, hanawa ta dindindin kuwa sai dubbai, ga namiji da mace. Ma'aikacin da ke bin ƙa'ida 'yan mSv kaɗan jikinsa ke ɗauka a shekara. Abin da ake kiyayewa a wannan matakin shi ne ɗan ƙarin yiwuwar kansa a can gaba, wanda ICRP ke ƙiyasta shi da kusan kashi 4 cikin 100 a kowane 1,000 mSv ga ma'aikata, da kuma lafiyar fatar yatsu da ido.

Madara abinci ce mai kyau. Ba ta tare gamma, ba ta goge abin da aka riga aka ɗauka.

Wa ke da alhakin duk wannan, kuma me ake yi in sakamakon awo ya hau?

Alhakin farko na mai lasisi ne, wato asibitin: shi zai samar da kube da ma'aunai da horo, ya naɗa jami'in kariya. A Najeriya hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisi da bincike. Na ma'aikaci shi ne ya sa bajonsa da zobensa kullum, kada ya ara wa wani, kada ya bar su a mota cikin rana ko a ɗakin haɗa magani, kada ya shiga da su in shi za a ɗauka hoto, ya kuma miƙa su a kan lokaci.

In sakamako ya ɗaga sama da yadda aka saba, ba a jira ya kai iyaka. Jami'in kariya ya tsaya ya kalli mutumin yana aiki, daga zuƙa har zubar da shara, ya ga inda hannun hagu ke zama. A duba ko zoben ne ya gurɓata, ko aiki ne ya ƙaru a watan, ko wani kube ne gilashinsa ya tsage aka jingine shi. Ƙaramin ma'auni na lantarki mai nuna lamba nan take yana taimakawa wajen gano matakin da ke cin mutum. Kowane ma'aikaci yana da haƙƙin ganin sakamakonsa, kuma in zai sauya asibiti ya nemi kwafin tarihin awonsa ya tafi da shi. Ma'aunin IAEA ya ce a adana wannan tarihin har mutum ya kai shekara 75, kuma kada ya gaza shekara 30 bayan ya bar aikin.